Hisba, hakimai da haraji: wa zai biya?

Kodineta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga takardar manufofin maigidanmu da na ce zan kawo, mai neman kujerar majalisar dokokin jiha a nan Zariya. Don waɗanda datarsu ba za ta buɗe hoton ba, mutumin nan ba ya ɓoye cewa shi ɗan mazan jiya ne. Yana so a kafa hukumar Hisba da doka kamar yadda Kano ta yi, a sa wa bukukuwan DJ da gidajen gala linzami, a mayar wa hakimai da dagatai martabarsu da albashinsu, a shigar da tsangayu da Islamiyyu cikin kasafin kuɗi. Ya kuma ce a sauke wa ƙananan 'yan kasuwa haraji, jiha ta daina ciyo bashi, sannan duk ranar da aka kawo maganar 'yan sandan jiha zai ɗaga hannu. Ban ce kowa ya yabe shi ba. A karanta, a faɗi gaskiya, amma da ladabi.

Alhaji Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ni layi ɗaya na gani ya ishe ni, na haraji. Duk mai rumfa a Sabon Gari ko Tudun Wada ya san abin da nake nufi. Wannan ya zo da rasit, wancan ya zo da rasit, na shara daban, na allon shago daban, ga ciniki ya kwanta tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wanda zai rage mana ko guda, ƙuri'ata da ta gidana tasa ce.

Lauyan Kongo: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, amma a karanta takardar daga sama har ƙasa kafin a yi kyautar ƙuri'a. Hukumar Hisba ofis ce, motoci ne, kaki ne, albashi ne duk ƙarshen wata. Hakimai da dagatai albashi ne. Tsangayu a kasafi abinci ne da alawus ɗin alarammomi. Abu uku kenan masu cin kuɗi. Ka sauko ƙasa sai ka tarar ya toshe ƙofa biyu da kuɗin ke shigowa, haraji da bashi. Maigida ne ya ƙara baki uku a gidansa, ya rage kuɗin cefane, ya kuma rantse ba zai ci bashin mai shago ba. To Kodineta, wane abu zai yanke? A takardar ban ga sunan abu ɗaya da zai ce a daina kashe wa kuɗi ba.

Kodineta: Barista, almubazzaranci zai yanke. In an toshe ɓarna kuɗi na nan.

Lauyan Kongo: Kowane ɗan takara tun 1999 haka ya ce. Wace ɓarna, a wace ma'aikata, naira nawa?

Baba Malam na Kwarbai: 'Ya'yana, abin da ya ba ni dariya a takardar nan daban ne. Mu da muka ga Jamhuriya ta Biyu mun san cewa yaƙi da haraji a ƙasar nan ba aikin 'yan mazan jiya ba ne. Jam'iyyar NEPU ce ta ɗauko shi, jam'iyyar PRP ta gada. Da Balarabe Musa ya hau gwamna a Kaduna a 1979, shi da Abubakar Rimi a Kano, su suka soke haraji da jangali. Kuma wa ke karɓar harajin nan a da? Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Ƙarfin sarauta a kan talaka da littafin haraji yake tafiya. Yanzu ga mutum yana so ya ɗaga hakimi da hannun dama, ya soke haraji da hannun hagu. Ban ce haramun ba ne, amma ya sani ya haɗa gadon gida biyu da suka shekara suna faɗa, har aka ɗaure mutane a kai. Hajiya Gambo Sawaba da asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, a kan irin wannan faɗa ta sha ɗauri.

Alhaji Mai Atamfa: Allah ya gafarta Malam, ni ba ruwana da gadon gidan wa. Ko daga Sawaba ya ɗauko ko daga fada, a dai rage.

Lauyan Kongo: Alhaji, akwai abin da ya kamata ka sani. Tun 2016 jihar nan ta yi dokar da ta tattara haraje-harajenta wuri guda, ta kuma hana karɓar kuɗin haraji hannu da hannu, sai ta banki. Wato rabin abin da kake kuka da shi doka ta riga ta yi magana a kansa. Ba sabuwar doka kake buƙata ba, ɗan majalisar da zai kira masu tara kuɗin shiga gaban kwamiti ya tambaye su wa ke yawo da rasit a kasuwa kake buƙata. Sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulki sun ba majalisar jiha ikon yin bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani. Wannan aiki ba ya cin kwabo, amma yana ɓata mutum da manya. Shi ya sa ba a cika sa shi a fosta ba.

Kodineta: To a bar haraji tukuna. Maganar hakimai fa? Nan kam ban ga mai musu ba. A da baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Yau mutum zai kama haya a Dogarawa ko Danmagaji, shekara ta zagayo ba wanda ya san sana'arsa. Ku dubi abin da ya faru da ƙauyukan Giwa da hanyar Birnin Gwari. Da aka raunana sarauta ai idon gwamnati aka tsone.

Baba Malam na Kwarbai: Nan ina tare da kai rabin hanya. A 2017 gwamnatin El-Rufai ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, dubban dagatai suka tafi da su. Hujjar da aka bayar ita ce ƙananan hukumomi ba sa iya ɗaukar albashin. Gidaje da yawa a ƙasar Zazzau har yau ba su huce ba, kuma gaskiya ne an rasa kunnuwa a ƙauye. Amma kar a ce daga 2017 raunin ya fara. Tun zamanin Gowon aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Kundin 1999 bai ba sarki aikin komai ba. Saboda haka in ka mayar da hakimi 390 gobe, ka mayar da rawani ne da albashi, ba iko ba.

Lauyan Kongo: Ga kuma sabon ƙulli. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In majalisar jiha ta ƙirƙiro hakimai ta ce ƙaramar hukuma ta biya, da wane hurumi? In jiha ce za ta biya, mun koma tambayata ta farko. Da ni ne mai ba shi shawara, sai in ce ya bar maganar yawan rawuna, ya kawo ƙudirin da zai ba mai unguwa aiki a rubuce: rajistar masu haya, rajistar haihuwa da mutuwa, shaidar cinikin fili, da ɗan alawus da zai hana shi sa hannu a takardar fili biyu. Wannan ya fi arha, kuma shi ne zai taɓa matsalar da Kodineta ya faɗa.

Maman Khalifa: Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena. Tun ɗazu ana ta rawani da rasit, ni kalmar tarbiyya na tsaya a kai. Na karanta sashen sau biyu. DJ na nan, gala na nan, shigar 'yan mata na nan. Ban ga uban da ya saki mace da 'ya'ya biyar ya hana su ko mudun masara ba. Ban ga wanda ya tura yaro ɗan shekara shida wani gari da roba a hannu, bai sake waiwayarsa ba. Yaron da ke shan ƙwaya a bakin Kwangila ba DJ ne ya haife shi ba. In da gaske gidan Bahaushe ake so a tsare, to a fara da ciyarwa da tufatarwa da addini ya ɗora wa namiji. A yi dokar da in alƙali ya yanke kuɗin ciyar da yara, za a cire daga albashin uban ko a kama kayansa, ba uwa ta yi ta zarya a kotu har takalminta ya ƙare ba. Ranar da na ga wannan a takardar ɗan takara, zan yarda tarbiyya yake nufi, ba tsoron mata ba.

Alhaji Mai Atamfa: Hajiya, a yi mana a hankali, ba duka muka taru muka zama ɗaya ba.

Maman Khalifa: Alhaji, wanda ke sauke nauyinsa ai dokar ba za ta san da zamansa ba.

Bazazzagin Kano: Hajiya, abin da kike nema ai shi ne babban aikin Hisba a nan Kano. Mutane hotunan fasa kwalaben giya da aske gashin samari kawai suke gani a Facebook. Ku je ofishinsu da safe ku ga layi: rikicin aure, kuɗin ciyarwa, bashi, gado, yaran da suka ɓata. Mace ba ta biyan lauya, ba a ɗage mata zama wata uku. Tun 2003 aka kafa hukumar da doka, a 2012 suka fara auren zawarawa. Tana da kurakuranta, amma talaka na amfana.

Baba Malam na Kwarbai: Kai dai tun da ka sha ruwan Kano ka koma ko da me ka zo an fi ka.

Bazazzagin Kano: Baba, ai ku kuka tura ni neman kuɗi, ilimin na baro muku.

Ɗan Wusasa: Ina gaida kowa. Ni Bahaushe ne, Kirista, kakannina a nan aka binne su, cocinmu na Wusasa ya kusa shekara ɗari. Abubuwa da yawa a takardar nan iyayenmu za su sa hannu a kai. Mu ma ba ma son ƙwaya, ba ma son kiɗan da ke hana unguwa barci, muna girmama Mai Martaba. Amma Kano daban, Kaduna daban. Kujeru 34 ne a majalisar nan, daga ƙananan hukumomi 23. Ɗan majalisar Zariya zai zauna ne da na Kaura da na Jaba da na Zangon Kataf. Waɗanda suka girma sun tuna Fabrairun 2000, da aka fara da muhawarar Shari'a aka ƙare da gawawwaki a Kaduna. Abin da ya kashe wutar shi ne tsarin da Gwamna Makarfi ya kawo a 2001: kotun Shari'a ga Musulmi, kotun al'ada ga masu ita, kotun majistare tana nan ga kowa. Tambayata ga Kodineta ita ce, Hisbar nan a ina ikonta zai tsaya? Ƙanwata in ta fito daga Wusasa za ta kasuwar Sabon Gari ba mayafi, ruwan wa?

Kodineta: Yayana, Musulmi kawai za ta shafa. Haka ya faɗa a taron da aka yi.

Ɗan Wusasa: To ya rubuta a takardar. Abin da aka faɗa a taro iska ke ɗauka. Kuma a titi ba a rubuta addinin mutum a goshi.

Baba Malam na Kwarbai: Ni ma ina da tawa, kuma ba ta Kirista ba ce, tamu ce ta cikin gida. Wa zai shugabanci hukumar? Ɗan Izala ko ɗan Ɗariƙa? Garin nan kowa ya san yadda muke, masallaci biyu a layi ɗaya. Gwamna ne zai naɗa, gwamna ne zai cire. Ku tuna dokar wa'azi. Tun 1984 sojoji suka kafa ta bayan rikicin Maitatsine, a 2016 aka kawo sabon ƙudiri majalisa mai cewa sai da lasisi za a yi wa'azi, a kuma ƙayyade lokacin lasifika. Wa ya yi ihu? Fastoci da malamai tare. A ranar kowa ya gane cewa in ka ba gwamnati sanda don ta gyara maka addini, ba kullum naka ne ke riƙe da sandar ba. Mai son riƙe abin da ya gada, ni a ganina, shi ya fi kowa cancantar jin tsoron sabuwar hukuma.

Mai Zaure: Jama'a, na goge saƙo biyu. Ba a kiran sunan malamin kowa a nan, ba a kafirta kowa. A ci gaba.

Ɗalibar Samaru: Ina neman izinin iyayena. Maganar tsangaya ta fi kama hankalina, don ita kaɗai ce na ga za a iya yi ba tare da an jira Abuja ba. An gwada hana bara a 2015 bayan bam ɗin sakatariyar Sabon Gari, an kwashe almajirai an mayar jihohinsu a 2020 lokacin korona, yau ku leƙa PZ ku gani ko sun ragu. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya sama da 150 a ƙasar nan, da yawa sun lalace don ba a tanadi kuɗin tafiyar da su ba. Kora ba ta yi ba, gini bai yi ba. In mutumin nan zai ce a yi wa alarammomi rajista, a tura malamin lissafi da na Turanci tsangaya, a ciyar, a kuma hana karɓar yaron da ubansa bai bar adireshi ba, zan saurare shi. Amma takardar tasa ba ruwa a ciki. An kashe biliyoyi a aikin ruwan Zariya, an ce lita miliyan 150 a rana, har yanzu unguwanni da yawa 'yan ga-ruwa ne ke shayar da su. Yarinyar da ke yawon neman ruwa har bayan isha, wace tarbiyya aka tsare mata?

Kodineta: Ƙanwata, ruwa aikin ɓangaren zartarwa ne, ba na ɗan majalisa ba.

Lauyan Kongo: A'a Kodineta, nan ka ba da kanka. In ruwa ba aikinsa ba ne, to 'yan sandan jiha ma ba nasa ba ne, don 'yan sanda na cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sai Majalisar Tarayya ta gyara kundi, sannan a nemi amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Abin da maigidanka zai yi a nan ɗaga hannu ne na rana ɗaya. Amma ruwa kullum yana gabansa, domin ko kwabo gwamna ba zai taɓa ba sai majalisa ta amince a kasafi, kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha gaban majalisa ake kai shi.

Bari in zo kan bashi, don shi ne wurin da na fi yarda da takardar, kuma wurin da na fi shakkar mai ita. Kowa ya tuna bashin dala miliyan 350 na Bankin Duniya. A 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi, sanatocin Kaduna uku, Shehu Sani da Hunkuyi da Danjuma La'ah, suka tsaya a kan a'a. Daga baya aka samu bashin. A Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma a cikin biliyan 10 na kason jihar na watan, an cire biliyan 7 don biyan bashi, ga albashi ya haura biliyan 5. Masu kare bashin za su nuna maka tituna da gadoji, kuma suna nan, ana hawa. Amma an ci shi dala tana ƙasa da naira 400, ana biya ta haura 1,000. Ina majalisar jiha take lokacin da ake ci? A zaurenta na Lugard Hall take, tana amincewa. Sai da gwamnati ta sauya aka kafa kwamitin bincike. Wannan ita ce cutar: a yi amshin shata ga gwamna mai ci, a yi jarumta a kan wanda ya sauka.

Baba Malam na Kwarbai: Kuma kar wani ya ce majalisar ba ta da haƙora. Majalisar Kaduna ce, mai rinjayen jam'iyyar NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ya yi mulki ba su, ta tsige shi a Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Ni ban ji daɗin abin ba a lokacin, har yau ma. Amma ya nuna ikon na nan. Sun iya cewa a'a ga gwamnan wata jam'iyya. Wanda muke jira shi ne mai ce wa gwamnan jam'iyyarsa a'a.

Alhaji Mai Atamfa: Baba, wanda ya yi haka ai ba zai sake ganin tikiti ba.

Maman Khalifa: To ashe tikitin ake tsarewa, ba al'ada ba.

Kodineta: Hajiya, wannan ba adalci ba ne. Mutumin nan bai taɓa riƙe muƙami ba, ba a gwada shi ba. Kuma ku faɗi gaskiya, cikin masu neman kujerar nan wa ya kawo muku takarda ma? Sauran shinkafa da atamfa suke rabawa.

Alhaji Mai Atamfa: A bar atamfa a ciki don Allah, da ita muke ci.

Ɗan Wusasa: Gaskiyar Kodineta ce a nan. Ya rubuta abin da za a kama shi da shi, ya fi wanda bai rubuta komai ba. Shi ya sa muke tone-tone. Ka kawo shi zaure ya amsa da bakinsa.

Kodineta: Na yi masa waya yanzu. Ya ce zai zo ranar Asabar bayan la'asar, amma zama na fahimtar juna, ba ɗaukar murya, ba bidiyo, don 'yan adawa na yanka magana su watsa.

Lauyan Kongo: Ni tambaya biyu zan zo da su. Ya kawo kasafin bana ya nuna mana layin da zai yanke don biyan Hisba da hakimai. Sannan in gwamnan jam'iyyarsa ya aiko da takardar neman bashi, zai miƙe ya nemi a ƙirga ƙuri'a da suna, ko zai ɓuya cikin masu cewa e?

Maman Khalifa: A ƙara da kuɗin ciyar da yara. Kuma a sa zaman inda mata za su iya shiga, ba zauren wani Alhaji da za a ce mu tsaya a soro ba.

Ɗalibar Samaru: Yaya Kodineta, ni kam zan ɗauki murya. In yana tsoron a yanka, a sa cikakken faifan a nan zaure, kowa ya ji daga farko har ƙarshe.

Kodineta: Bari in sake kiransa.

Mai Zaure: Kafin ya dawo, masu zuwa su rubuta suna a ƙasa don a san kujeru nawa za a ɗauko haya. Kuɗin kujerun mu za mu haɗa, ba ɗan takara ba. Alhaji, kai ne ma'aji.